Batir Huɗu da Babbar Rigar Maiwada

A shekarar da aka canja kuɗi, lokacin da man gas ya yi ɓatan dabo a ƙasar Funtua, jirgi ɗaya ne tak a kan dam ɗin da ya raba ƙauyen Gidan Mati da titi, kuma na Maiwada ne. Mu da muka ga wannan zamani muka fito da ƙafafunmu, mu ke da bakin faɗa. Yaran yanzu ko rabin wahalar ba za su ɗauka ba.

Wani Bature mai aikin gona ne ya bar wa Maiwada jirgin da zai koma ƙasarsu, bayan ya yi masa gadi shekara biyar. Jirgin yana da dogon sanda a tsakiya inda ake ɗaga wani farin zane iska ta tura shi, yana kuma da injin gas a gindi. Maiwada bai taɓa ganin zanen nan da gashi ba. Cewa yake namiji ba ya zama jiran iska. Da inji yake ƙetarar da mutane da kayansu, in ba shi ba sai a zagaya dam da jaki, tafiyar yini guda cur.

To, mai ya ɓace. Sati uku jirgi na ɗaure a gaɓa, audugar ƙauye na jibge a ɗakuna. Masu awon auduga kuwa da suka kafa ma'auni a bakin titi sun ce ranar Alhamis da la'asar za su tashi, sai baɗi. Wanda bai kai tasa ba, 'yan baranda ne za su saye ta a wulaƙance. Maiwada ya riga ya bugi ƙirji a gaban mai unguwa cewa ko ƙulli ɗaya ba zai kwana a ƙauye ba.

Sai ga Mark ɗan Sulemanu, haifaffen ƙauyen, mai gyaran wutar mota a Funtua.

"Baba, mu cire injin nan mu sa na lantarki. Batir zai ja shi."

"Batir? Abin da ake sa wa tocila?"

"Na babbar mota, Baba. Guda huɗu."

Ƙarti takwas ne suka ciro tsohon injin, biyu suka faɗa ruwa. Mark ya kawo wani ƙaramin inji da ya tsinta a gwanjon tsofaffin ƙarafa, ya yi kwana biyu yana daidaita shi da sandar farfela. Da gindin jirgi ya yi sama don nauyi ya ragu, sai ya jera batiran a gurbin tsohon inji, ya haɗa su da waya mai kaurin babban yatsa. Aka gwada. Jirgi ya zame a kan ruwa shiru kamar agwagwa.

Ran Maiwada ya ɓaci.

"Kai ɗan Sulemanu, ina ƙarar? Da can tun daga tsakiyar dam ake sanin na taho. Yanzu sai in iso kamar ɓarawo?"

"Ƙara kake so ko ƙetarewa, Baba?"

Mark ya kwashi batiran ya cika su da wuta a shagonsa, ya dawo da su a amalanke ran Litinin. Ya ce kada a bar su a jirgi, a kai gida a ajiye. Maiwada ya jera su a zaure. Zanen jirgi kuma ya naɗe ya miƙa wa matarsa Rabi, ya ce ta shanya kuɓewa, shi ya gama da shi. Daga nan ya tafi Malumfashi karɓo babbar rigar da ya ba da ɗinki, don ba zai tuƙa jirgin lantarki na farko a ƙasar nan da tsumma ba.

Ya dawo ran Laraba ya tarar da batiran suna ƙyalli, an goge su tas, ga goro fari a kan kowanne. Ya gyaɗa kai. Ashe mutanen garin nan sun fara sanin darajar mutum.

Ran Alhamis da hantsi aka loda auduga ƙulli-ƙulli har ta kusa rabin sanda. Aƙilu maƙwabcin Maiwada ya shiga, Liatu shugabar matan coci ta shiga da nata ƙullin, Mark ya zauna kusa da inji. Maiwada ya tsaya a baya riƙe da matuƙi, riga sai ƙamshin sabon yadi, ya ɗaga wa na gaɓa hannu.

Sun kai tsakiyar ruwa farfela ta fara juyi kamar mai jin barci. Ta juya, ta sake juyawa, ta tsaya.

Mark ya ɗauki guntun waya ya taɓa kan batir na farko. Ko tartsatsi. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu ya ɗan yi ƙyas ya mutu.

"Baba, wa ya taɓa batiran nan?"

"Wa zai taɓa? A zaurena suka kwana."

"Ba wanda ya taɓa," in ji Aƙilu. "Aro dai na yi na biyu, ranar sunan ɗiyata. Rabi ta ba ni. Lasifika muka sa da kaset, daga safe zuwa magariba. Ai ka ga goron."

Liatu ta gyara zama. "Mu ɗaya muka ara, muna koyon waƙoƙin Kirsimeti. Kwana biyu kacal. Da hannuna na wanke shi."

"Na huɗun fa?" in ji Maiwada.

"Mai unguwa ya aiko," in ji Aƙilu. "Talabijin ɗin da ɗansa ya kawo daga Kaduna."

"Kun kashe ni! Wallahi kun kashe ni!"

"Haba Malam Maiwada, me ya yi zafi?" in ji Liatu. "Turmi ma ana ara, jaki ana ara. Mun mayar yadda muka ɗauka. Ɗaga ka ji, nauyinsa na nan, ko kaɗan bai ragu ba."

Abin da ya fi ƙona wa Maiwada rai, shi ma jiya ya ɗaga ya ji nauyin ya ce lafiya lau. Ya juya kan Mark.

"Kai kuma da iliminka, ba ka iya cewa kada a ba da aro ba?"

"Na ce a ajiye, Baba."

"A garin nan akwai abin da ake ajiyewa maƙwabci ya yi sallama a hana shi? A London aka haife ka?"

Suka zura gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Aƙilu ya gwada tuƙi da kwanon sha, jirgi ya yi ta zagaya kansa. Rana ta karkata. Can nesa ana hango motar masu awo ta juya baya ta tsaya kusa da ma'auni. Iska kuwa na busowa daga bayansu, sosai, a banza.

Liatu ta dubi sandan. "Ina zanen?"

"Kuɓewa ce a kai," in ji Maiwada, bai dubi kowa ba.

Ba dama a kwance ƙullin auduga a ɗauki mayafinsa, iska za ta watsa ta a ruwa. Sai Liatu ta shiga kallon rigar Maiwada, daga wuya har ƙasa. Aƙilu ma ya kalla. Mark ya sunkuyar da kai.

"A'a. Ko sau ɗaya ba a wanke ta ba. A'a!"

Ya sake duban motar can. Ya tuɓe.

Suka zura gora ta kafaɗun rigar, Liatu ta ɗaure wuyan da ɗankwalinta, Mark ya ja igiya ta hau sama, Aƙilu ya riƙe gefen ƙasa. Riga ta cika da iska ta yi tumbi kamar attajiri ya ƙoshi. Jirgi ya motsa. Maiwada na tsaye da singileti da hula, yana jin ɗinkin aska na ɓarkewa zare-zare a bisa kansa.

Leburori sun riga sun kama ma'auni za su ɗora a mota, malamin awo ya hango babbar riga na tahowa a kan ruwa ba mutum a ciki. Dariya ta kayar da shi a kan benci, ya ce a sauke, sai ya ga ƙarshen wannan abu. Aka auna audugar Gidan Mati har ƙulli na ƙarshe.

Maiwada na zaune a gaɓa da yagaggiyar riga a cinya, sai ga Ummaru mai shayi ya durƙusa.

"Baba, sannu da hanya. Jibi ne ɗaurin auren ƙanena. Na ce ko za a taimaka mana da aron batir ɗaya."

Maiwada ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗauki duka huɗun," ya ce. "Kada ma ka wahalar da kanka wajen wankewa."