Lomar Farko a Akushin Zaidu

"A ja tabarmar can gefe, kujerar ba ta shiga ba," in ji Alhaji Maliki.

Tabarmar da yake nufi akwai mutum kwance a kanta, Malam Shu'aibu, shugaban ƙungiya. Mamuda ya dubi Alhaji, ya dubi kujerar katakon da Alhajin ya sa aka ɗauko masa tun daga kasuwa, sannan ya sunkuya ya ja gefen tabarmar a hankali. Malam Shu'aibu bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

An kawo taron kwamiti ɗakin mara lafiya ne saboda dokar ƙungiya ta ce ba a yanke magana sai shugaba yana wurin. Ba ta ce sai yana iya tashi zaune ba.

Malam Shu'aibu tsohon ma'aikacin disfensare ne, ɗakin shan magani, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na su Mamuda a Yelwa. Shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya hau ya shanye tsibiran da Gungawa suke zaune, aka kwashe su zuwa gidajen siminti a tudu. Tsofaffinsu suka yi shiru. Cikin samarin kuwa wasu kansu ya juye. Wani ya daina magana, wani ya riƙa kwana cikin kwalekwale yana neman inda garinsu yake. Malam Shu'aibu ya bi su ɗaya ɗaya ya kawo gidansa, ya cire ƙyauren ɗakuna ya rataya asabari, ya ce ba wanda za a kulle.

Da abin ya yi suna har baƙi daga lardi suka fara leƙowa, sai manyan gari suka gano suna da tausayi. Aka yi ƙungiya, aka yi allo mai fenti a ƙofar gida, aka yi kwamiti. Alhaji Maliki, dillalin busasshen kifi, ya zama mataimakin shugaba. Hedimastan firamare ya zama ma'aji. Mamuda, da ya gama sakandare yake zaman jiran aikin da bai zo ba, aka ba shi magatakarda saboda rubutunsa na da kyau.

"Kai, Malam, sauƙi ya samu," in ji Alhaji bayan ya daidaita babbar rigarsa a kan kujera. "Fuskarka har ta ciko."

Hedimasta ya ce wallahi shi ma ya lura. Mamuda ya dubi fuskar. Ƙashi ne da fata, sai ido biyu da suka faɗa rami.

Magana biyu ce ta tara su. Ta farko, wa zai riƙe gidan kafin Malam ya warke. Kowa a ɗakin ya san Malam ba zai warke ba, shi ya sa suka maimaita kalmar har sau uku. Ta biyu, Zaidu.

Zaidu saurayi ne Bagunge, da can masunci. Ya yi imani cewa waɗanda suka kawo ruwan nan suna zuba guba a abinci don su ƙarasa sauran mutanen tsibiri. Ba ya cin komai sai mai lafiya ya sa hannu a akushi ɗaya da shi, ya yi lomar farko, ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna masa. Sauran samarin gidan ba su isa ba. "Mu ta riga ta kama mu," yakan ce. "Mi za ta nuna ga jikinmu?" Inna Fadimatu, matar Malam, mace ce, ba zai haɗa akushi da ita ba. Don haka safe da rana da yamma Malam Shu'aibu ne ke yin lomar. Tunda maƙogwaronsa ya daina karɓar abinci, Zaidu ma ya daina. Ruwan tafki kawai yake sha, wanda ya ɗebo da hannunsa.

A garin kuwa kowa ya tashi da sanin cewa ba a haɗa kwano da mai taɓin hankali. Yawu ne ke ɗauke da ciwon, in ji su.

"Abin nan mai sauƙi ne," in ji Alhaji. "A kira maƙeri a sa mai mari ga ƙafa. Mutum biyu su danne shi, a toshe hanci a ɗura kunu, kamar yadda a ka yi wa akuya magani. In ya mutu cikin gidanga da yunwa, sunan wa za shi ɓaci? Namu."

"Sunan ƙungiya," Hedimasta ya gyara masa.

"To ai shi na ce."

Malam Shu'aibu ya motsa leɓe. Sai da suka yi shiru kafin muryar ta fito.

"Fadimatu. Kawo akushi. A kira min Zaidu."

Ta kawo ta dire a tsakar ɗakin, tuwon shinkafa da miyar kifi, tana turiri. Zaidu ya shigo yana dafa bango. Dogo ne, wuyansa ya zama kamar sanda. Ya tsuguna nesa da akushin kaɗan, ya ɗora haɓa a gwiwa.

"Kuna tambayar wa za shi riƙe gida," in ji Malam. "Ga shugabancin nan gabanku. Ba shi ga allo, ba shi ga kujera. Wanda ka so, shi wanke hannu."

Ƙuda ɗaya ya sauka a bakin akushin. Kowa ya zuba masa ido kamar shi aka zo gani.

"Ni azumi nika yi," in ji Alhaji Maliki.

"Yau Laraba, Alhaji," Inna Fadimatu ta faɗa daga bakin ƙofa.

"Ramuwa ce."

Jan goro na nan ɗanye a haƙoransa. Hedimasta ya ce shi likita ya hana shi yaji saboda gyambon ciki, amma a ganinsa wannan batu ne mai muhimmanci da ya kamata a kafa masa ƙaramin kwamiti ya duba.

Mamuda ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne dattawan gari. Su ne ke tsayawa gaban allo idan baƙi sun zo, suna cewa "'ya'yanmu, 'ya'yanmu." Yana cikin wannan tunanin ya ga idon Malam ya juyo kansa.

Ya san ciwon kai ba ya bin yawu. Ya karanta, har ya rubuta a jarrabawa ya ci. Ya dubi yatsun Zaidu, da faratan da suka yi baƙi, da farin abin da ya bushe a gefen bakinsa. Hannunsa ya ƙara damƙe biro.

"Na ci gida, Malam."

"Kullum ka ci gida," in ji Malam Shu'aibu. "Innarka na da ƙoƙari."

Ya ce a tayar da shi. Fadimatu ta tallafo bayansa. Ya gutsuri tuwo ɗan mitsitsi, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya daɗe yana juya shi. Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Sai tari ya sarƙe shi, lomar ta dawo a tafin hannun matarsa.

Zaidu ya miƙe tsaye.

"Kun gani?" ya ce a hankali. "Shi ma ta kama shi."

Ya ɗaga asabari ya fita. Alhaji Maliki ya ce to, ai ga hujja nan kowa ya gani da idonsa. Aka yanke a ba yaron zuwa gobe da la'asar, in bai ci ba maƙeri ya zo. Aka tambayi shugaba ko ya amince. Shugaba ya rufe ido, yana numfashi da kyar. Hedimasta ya ce a rubuta bai yi musu ba. Mamuda ya rubuta.

Washegari da hantsi Mamuda yana wanke rigarsa a gindin katanga, yana jin dakan Inna Fadimatu daga can ɓangaren. Dakan ya tsaya. Ya jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Sai ya ji muryarta tana salati, ƙasa ƙasa, kamar mai gudun ta tashi wani daga barci.

Innarsa, wadda ta haife shi, ta fito daga ɗaki tana ɗaura kallabi.

"Allah shi gahwarta mai," ta ce. Sannan ta dube shi da kyau. "Na ji abin da anka yi jiya. Ka kyauta da ka ƙi. Kada wani shi ruɗe ka da daɗin baki, ni ɗa guda gare ni."

Mamuda ya sunkuya kan wankinsa. Ya matse rigar har sai da ɗinkin hammata ya yi ƙara.

Kafin azahar aka kai Malam makwancinsa. Alhaji Maliki ne ya fara kama makara, ta gaba, inda za a gan shi, ya saki tun kafin a fita layin. Samarin gidan ba a bari sun raka ba. An ce kada su firgita jama'a. Suka tsaya cirko-cirko a ƙarƙashin allon ƙungiya suna kallo har aka sha kwana. A maƙabarta Alhaji ya yi wa mutane bayanin yadda shi da marigayi suka kafa gidan tun ba kowa, da yadda jiya jiya marigayi ya damƙa masa amana a gaban shaidu. Hedimasta yana gefe yana kaɗa kai.

Da aka dawo, kujerar katakon ta koma zaure. Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci gidan makoki, kwano bisa kwano. Ramuwar azumin Alhaji ta ƙare. Ya naɗe hannun riga yana tsotsar ƙashin kifi, yana amsa gaisuwa da baki cike. "Sai haƙuri, sai haƙuri. Mu aka bar wa nauyi."

La'asar na yi maƙeri ya iso da jakar fata. Ba ruwansa, aiki aka kira shi. Ya shige tsakar gida ya tsuguna, ya fiddo mari ya shimfiɗa a ƙasa, ya fara gwada ƙusa a ramin ƙarfen. Ƙarar ta kai har zaure.

Zaidu na zaune gindin dalbejiya, inda suka saba ci shi da Malam. Inna Fadimatu, da ko kwana ɗaya ba ta yi cikin takaba ba, ta riga ta aiko da akushin an dire a gabansa. Ba wanda ya ce ta daina, ita ma ba ta san yadda ake dainawa ba. Tuwon ya fara yin ɓawo a sama.

Mamuda ya tsaya a bakin zaure. Bayansa ana tauna ana ta'aziyya, gabansa ana gwada ƙarfe. Ya rasa wanda ya fi ba shi ƙyama, har da shi kansa mai tsayuwar. Ya sa biro a aljihu, ya ɗauki buta.

Ya zauna a ƙasa, akushi tsakaninsu. Daga nan yana jin warin jikin Zaidu, warin laka da zufa da yunwa.

"Kai ɗan boko na," in ji Zaidu. "Ku kunka kawo ruwan."

"Ni ko aiki ban samu ba, bale in kawo ruwa."

Ya gutsuri tuwo. Ya yi sanyi, miyar ta daskare. Ya kai baki. Ya tuna muryar Innarsa. Ya runtse ido ya haɗiye, sannan ya buɗe baki.

Zaidu ya matso. Ya leƙa, ya ce ya ɗaga harshe. Ya kama haɓarsa da yatsun nan ya juya ta wajen haske. Sannan ya koma ya zauna yana kallonsa, yana jiran ya ga ko zai faɗi ƙasa. Maƙeri ya daina ƙwanƙwasa. Sauran samarin suka taru nesa kaɗan. Wata kaza ta zo ta zaga su ta wuce.

Zaidu ya sa hannu daidai inda Mamuda ya gutsura, ya ɗebo kaɗan, ya ci. Ya jira. Ya ƙara. Mamuda ma ya ƙara, daga ramin da yatsun Zaidu suka bari.

"Madalla, madalla," in ji wata murya daga zaure. Alhaji Maliki ne, yana goge hannu da gefen riga. "Magatakarda, in ka gama a rubuta. Ranar farko ta sabon shugabanci, yaron ya ci abinci." Ya juya ga maƙeri. "Ka aje kayanka kusa, ba a sani ba."

Maƙeri ya tattara ƙarfensa ya mayar jaka, ya fita bai yi sallama ba.

"Gobe da sahe kana tahowa?" in ji Zaidu, bai ɗago kai ba.

Mamuda ya dubi katangar gidansu. Ta can ɓangaren hayaƙin girkin Innarsa yana tashi. Gobe da safe, da rana, da yamma, da jibi. Bai tashi daga gaban akushin ba.

Zaidu ya tsamo kan kifin daga miya, ya dube shi, ya juya akushin a hankali, ya ajiye kan a gefen da Malam Shu'aibu ya saba zama, inda Mamuda yake zaune yanzu.