Agogon Ladan Mamman

Da hantsi ne, hadari ya taso daga wajen Guna ya watse bai zubo ba, rana ta fito tas. Alƙasum mai gyaran agogo a Zango sai shiga da fita yake a rumfarsa. Wani sarjan Bafaranshe da ke ɗaure kayan komawa gida ya bar masa 'yar kwalba cike da wani gari kore-kore, mai laushin kwalli. In ya sha rana aka kai shi duhu, sai ya riƙa haske shi kaɗai, ba wuta ba hayaƙi.

Alƙasum ya san wanda zai yi wa amfani. Malam Mamman, ladanin unguwa, shekara talatin yana kiran asuba da fitowar Gamzaki. Bana gajimare ya rufe taurari, ido kuma ya yi rauni, agogonsa ba ya ganuwa a duhu. Sau biyu ya makara. Liman ya ce in ya ƙara, wani matashi, Mutari, zai karɓi kira.

Alƙasum ya kira ladan da agogonsa, ya kwaɓa garin da ƙaro, ya ɗiga da tsinke a hannuwan agogon da lambobinsa, ya shanya. Sannan ya ja tsohon, suka lulluɓe kawunansu da bargo.

"Baba, me ka gani?"

"La'ilaha illallahu! Kai, ɗan nan, taurari ka kamo ka zuba ciki? Ga goma, ga sha ɗaya!"

Suka fito suna gumi suna dariya. Ladan ya rungume agogo ya tafi.

Kwana biyu sai ga shi fuska a murtuke.

"Garin Nasaranka ya mutu. Ba don zakaran maƙwabciyata Falmata ba, da yau Mutari ke bisa hasumiya."

Alƙasum ya ce, "Ina agogon, Baba?"

Tsohon ya buɗe gafaka, ya ciro jakar fata, cikin jakar rawani, cikin rawanin tsumma, cikin tsumman agogo. Haka Malam Mamman ke adana duk abu mai daraja, kada rana ta taɓa shi.

Alƙasum ya riƙe ciki don dariya. "Baba, ai yunwa ka bar shi da ita! Rana ce tuwonsa. Shanya shi za ka riƙa yi kamar kuɓewa."

"Agogon nawa? A rana?"

Aka shanya, aka koma bargo. Sai ga lambobi sun dawo, har sun fi na farko.

Washegari ranar 'yancin kai ce. Sama a rufe ruf, amma kiran Malam Mamman ya fita kan lokaci, muryar har da wata karkarwa ta murna. Liman ya dube shi bayan sallama, ya gyaɗa kai.

Da rana ta ɗaga, unguwa ta kwashe zuwa kallon sabuwar tuta, ladan a gaba da sandarsa. Da zai wuce, Alƙasum ya leƙa zauren tsohon, ya ga gafaka a rataye, a ɗaure tam. Hannun tsohon ya riga ya saba, ya sake ƙunshe agogon a ciki.

Alƙasum ya kwance ta, ya warware rawanin, ya ɗora agogon bisa katanga inda rana ke bugawa, ya tokare shi da dutse saboda awaki. Sannan ya bi sawun ganguna.