Faifan da Aka Kankare wa Suna

Akwai tambayoyin da Garmaho yake cewa ya gaji da amsawa, amma ranar da ba a yi masa su ba sai ya wuni yana ƙunci. Duk inda ya sauke akwatunan faifansa ya kafa na'ura, sai wani ya matso da kwalbar lemo a hannu ya ce, "Wai har yanzu ana amfani da waɗannan?" Wani ya tambaye shi me ya hana ya zuba waƙoƙin duka a waya ya huta da ciwon baya. Wata ta ce wannan ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji kafin waƙa ta fara, kamar ana suya, lalacewa ce ko haka aka halicci abin? Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga allurar na'urar da ɗan yatsa, ya ce waƙar da ba ta da nauyi a hannu ba ta da nauyi a kunne. Ba wanda ya taɓa gane abin da yake nufi, har shi kansa, amma maganar tana rufe bakin mutane.

Tambayar da ta fi yi masa daɗi ita ce me ya sa tsakiyar faifansa babu rubutu. Nan fa labari ya samu. A zamanin ƙuruciyarsu, masu saka kiɗa a wurin taro da ido suke yi wa juna sata. Mutum zai zo kamar gaisuwa ta kawo shi, ya tsaya bakin teburinka yana karkata kai yana bin faifai da kallo har ya karanta sunan waƙar, gobe ka ji ta a wurin taronsa. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Saboda haka duk faifan da Garmaho ya sayo, sai ya tsoma shi a baho cikin ruwa mai ɗumi, takardar tsakiya ta jiƙa, ya kankare ta da cokali. Mutum ɗaya ake yi wa duk wannan wahala, wato Tsinke, wanda a da tebur ɗaya suke aiki, har ranar da suka ɓata a kan sunan wa za a fara rubutawa a jikin allon tallarsu. Tun daga nan ko a hanya suka haɗu, kowa sai ya tuna yana da abin kallo a ɗaya gefen. Garmaho kuwa yana bugun ƙirji cewa shi ba ya buƙatar suna, da ya karkata faifai a haske ya ga zanen jikinsa ya san wace waƙa ce a ciki.

Matarsa ungozoma ce a asibiti, rabin yaran unguwar a hannunta suka fara kuka. Yanzu lokacin ajiye aikinta ya yi, abokan aiki suka shirya mata liyafar sallama, kuma ba sai an faɗa ba, mijinta ne zai saka kiɗa. Mace ce da ba ta taɓa roƙonsa waƙa ba tun da suke. Rannan da safe yana shan shayi ta ajiye masa burodi ta ce, "Baban yara, abu ɗaya nake so ranar liyafar nan. Waƙar da ake sakawa lokacin da ka zo ka fara yi min magana."

"Ita kaɗai?" in ji Garmaho. "An gama. Ki ɗauka kin ji ta."

Baki shi ke yanka wuya. Sai da ya shiga sito ya rufe ƙofa, ya tsaya a gaban akwatunan nan da suka kai rufi, sannan ya fara laluben waƙar a kansa. Ya tuna kalar rigarta ta ranar. Ya tuna takalmin aro da ya matse masa ƙafa. Ya tuna har ƙaryar da ya sharara mata cewa shi injiniyan lantarki ne, kiɗan nan taimakon aboki kawai yake yi. Amma waƙar, ko ƙwayar sauti ɗaya babu a kansa. Abin da ya ƙara masa zafi shi ne, shekara da shekaru yana ba da labarin nan a majalisa, yana cewa da faifai ɗaya tak ya kamo matarsa, matasa su koyi sana'a.

Ya fara zaro faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yana karkata su a hasken taga. Zane ne dai, baƙi, zagaye, kowanne irin ɗan'uwansa. Ya koma ɗora musu allura, ya ji farkon wannan ya cire, ya ji farkon wancan ya cire, har maƙwabcinsa tela ya ƙwanƙwasa bango ya ce don Allah ko dai a bar waƙa ɗaya ta kai ƙarshe ko a bar mutane su yi ɗinki. 'Yarsa ta fari ta leƙo ta ce, "Baba, ai waya tana gano waƙa yanzu, ɗan rera mata kawai za ka yi." Ya ce ta fita ta ba shi wuri, ba a nemi shawarar waya ba. Bayan ta fita ya buɗe baki a hankali don ya gwada rerawa, ya tarar babu abin da zai rera.

Da rana ya gwada dabara. Ya sami matar tana ninke kaya, ya ce cikin wasa, "Maman yara, bari in gwada ki. Yaya ma waƙar nan take farawa?"

Ta dube shi ta saman tabarau, irin duban da take yi wa mazan da ke sumewa a ƙofar ɗakin haihuwa. "Kai ne mai sana'a," ta ce, ta ci gaba da ninkinta.

Nan ya ji tsoro na gaske. Mutumin da zai gaya maka a wace waƙa mai ganga ya yi tari, a ce shi ne ya manta waƙar da ya sami matarsa a kanta. Ba faɗa za ta yi ba, ya san halinta. Za ta ce ba komai, ta yi ɗan murmushi, shi kuwa gara mari da wannan murmushin. A duniya mutum ɗaya ne ya rage wanda yake wurin a ranar, kuma wanda kunnensa bai taɓa barin waƙar Garmaho ta wuce ba tare da ya haddace ta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa hula ya nufi wurin Tsinke.

Tsinke ya daɗe da barin yawon taro. Ya buɗe situdiyo a saman wani shagon taya, ɗaki ɗaya da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Sunan ne kawai ya rage na tsinke, mutumin yanzu sai ya karkata yake shiga ƙofa. Garmaho ya same shi a gaban kwamfuta yana gyara muryar wani mawaƙi, yana jan ta sama yana jan ta ƙasa har ta hau kan kiɗa, shi kuwa mawaƙin yana zaune yana gyaɗa kai yana mamakin baiwar da Allah ya yi masa. Da Tsinke ya ga mai shigowa sai ya sallami mawaƙin, ya juyo da kujerarsa.

"Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tambaya na zo yi, in ba za ka amsa ba in juya."

"Zauna dai, mai wankan faifai. Kujerar ba ta karanta suna."

Garmaho ya zauna a bakin kujerar, ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon kwalayen ƙwai. Abin nema ya samu. Tsinke ya yi dariya har ta koma tari, ya sha ruwa, ya sake sabuwa.

"Wai kai ka saka? Kai? Mutumin da yana hango yarinya ya cire hedifon daga kunne ya yar a ƙasa, ya tsallake wayoyi, ya bar ni da tebur har aka tashi taro? Ina ta yi maka alama da hannu ka dawo, kai kana can kana zama injiniya. Ba za ka taɓa samun waƙar nan a sitonka ba, ko ka shekara kana nema. Faifaina ne."

Ya sunkuya da ƙyar, ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, ya laluba, ya zaro faifai ɗaya. Tsakiyarsa fayau, babu ko harafi.

"Kai ma kankarewa kake yi?" in ji Garmaho.

"Saboda wa kake tsammani? Amma ni da reza na yi nawa, cikin mutunci, ba da cokali ba kamar mai cin ƙanzo."

Garmaho ya miƙa hannu, Tsinke ya janye. Ya ce a ba shi aro na yini ɗaya, Tsinke ya ce ko na ƙiftawar ido. Ya ce to a saka masa ya ji, Tsinke ya ce ai zai ji ranar liyafa tare da kowa. Ya sassauta murya ya ce to ya zo da shi, ya miƙo masa ta ƙarƙashin tebur ba tare da kowa ya lura ba, don girman zaman da suka yi a da.

"Faifaina, hannuna," in ji Tsinke. "Ni zan ɗora masa allura, a kan teburinka, a gaban matarka. In ba haka ba ka je ka rera mata da baki."

Ranar liyafa, da yamma, aka cika ɗakin taron asibitin da kujerun roba. Babban likita ya yi jawabin da ya ce gajere ne, har ƙanƙarar lemo ta narke. Aka ba ungozoma kyautar agogon bango, wai don ta riƙa ganin lokacin da ba ta da inda za ta je. Garmaho yana bayan teburinsa, hedifon a kunne ɗaya, yana haɗa ƙarshen wannan waƙa da farkon waccan yadda ba mai jin wurin ɗinkin, amma zufa ta jiƙa masa riga. Can sai ga Tsinke ya karkato ta ƙofa da faifai a hammata, yana gaisawa da mutane kamar shi ne babban baƙo. Ya iso bakin tebur ya tsaya, ya buɗe tafin hannu.

Garmaho ya cire hedifon ya ba shi. Ya zagayo ta gaban teburin, bai san inda zai sa hannayensa ba. Bai taɓa jin sifikunsa daga wannan gefen ba, sai yau ya gane ta hagu tana ɗan shaƙewa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Aka ji ƙaf-ƙaf ɗin allura, waƙar ta tashi. Ya kasa kunne da dukkan ransa ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Babu. Wata waƙa ce mai sanyin jiki, mai algaitar da ba ta san inda za ta ba, irin wadda shi ko kyauta aka ba shi ba zai ɓata ruwan ɗumi a kanta ba.

Ya ratsa kujeru har inda matarsa take zaune da agogonta a cinya. Kujerar da ke gefenta babu kowa, ta ɗora jakarta a kai. Ya sunkuya kusa da kunnenta, kunya kamar ta kashe shi.

"Maman yara, faifan nan ba nawa ba ne. Ba ni na saka ba ranar."

"Na sani," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Hannu nawa gare ka? Yaya za a yi ka saka kiɗa kana tsaye a gabana kana zuba min ƙaryar lantarki?"

"To ita ce dai? Kin gane ta?"

"Oho. Ko ita ce ko ba ita ba ce, ku kuka sani. Wa ya ji wata waƙa ranar?"

Ta ɗauke jakarta daga kan kujerar ta ajiye a ƙasa.

"Tun da na aure ka, kowane taro ni kaɗai nake zama, kamar wadda mijinta ya rasu. In hango rabin fuskarka ta bayan sifika, in tafa, in koma gida in jira ka. Ban taɓa cewa komai ba, sana'arka ce, da ita muka ci muka sha. Amma yau ranata ce. Na duba na ga a duk waƙoƙin duniya, wannan ce kaɗai ba za ka iya sakawa da hannunka ba, kuma na san gara ka je ka durƙusa wa Tsinke da ka ce min ka manta. Zauna."

Garmaho ya zauna. Ya tuna tarukan da ba su ƙirguwa, da wannan baiwar Allah a cikin jama'a da jakarta a kan kujerar da ke gefe, shi kuwa yana can yana gadin sunan faifai. Ya ji tausayinta, ya ji haushin kansa.

Ana cikin haka allura ta yi tsalle. Faifan ya tsufa, ya sami tabo, algaitar nan ta maƙale a wuri ɗaya tana maimaita kanta, tana maimaitawa. Mutane suka fara waiwaye. Tsinke, wanda hannunsa ya saba da kwamfuta, ya rikice yana laluben maɓallin da ba shi ba ne, yana ɗago kai yana yi wa Garmaho alama da hannu ya zo. Aikin ɗan yatsa ɗaya ne, a ɗan taɓa allurar ta wuce. Duk jikin Garmaho ya yunƙura, har ya dafa gwiwa. Matar ba ta riƙe shi ba, ba ta ma dube shi ba.

Ya saki gwiwar, ya jingina da bayan kujera, ya miƙa hannu ya karɓi agogon daga cinyarta.

"Kawo in riƙe miki," ya ce. "Bar shi ya yi ta fama."