Mita Huɗu a Babban Layi

Shekara biyu da suka wuce gobara ta cinye shaguna goma sha ɗaya a tsakiyar kasuwa, motar kwana-kwana tana tsaye a bakin ƙofa cike da ruwa, ta rasa ta inda za ta shiga. Kowane mai shago ya ƙara rumfa a gabansa, mai rumfa ya ƙara tebur, har babban layin ya tsuke, baro biyu ba sa iya wuce juna sai ɗaya ya raɓe. Bayan gobarar aka yi zaɓen ƙungiyar 'yan kasuwa, aka ba wata mai sayar da yadi shugabanci, don ita kaɗai ce ta miƙe a taro ta ce in an zaɓe ta sai ta buɗe layin nan. Ranar an tafa mata sosai. Babu wanda ya zaci da gaske take yi.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya shaida mata faɗin mita huɗu motarsu take bukata. Da ta ɗauko tef ta auna, rumfuna arba'in da uku ne za su ja baya. Cikinsu akwai tata, akwai kuma ta Kawu, ƙanin mahaifiyarta mai sayar da bokitai da kwanuka, wanda a hannunsa ta tashi, a gaban shagonsa kuma ta koyi ciniki.

Da tata ta fara. Ta kira kafinta da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika, ya kwance kwanon rufin ya cire katakon kowa yana gani. Daga ranar inuwarta ta tafi, rana ta riƙa leƙa mata shago har yadin da ke gaba ya soma koɗewa, dole ta kwashe rabin kayan ta kai gida ta jibge a ɗakin baƙi. Ta ɗauka ganin haka mutane za su biyo baya. Mutum biyu ne suka biyo.

Sauran sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wata bakwai cur. Mai takalma ya ce ba shi da inda zai sa kaya, ta zauna da shi suka tsara kantoci a jikin bango har sama. Mai shayi ya ce in ya matsa masu shan shayinsa za su watse, ta samo masa kwanar da ke kusa da famfo, inda ya fi samun jama'a, ko da yake har yau bai yarda da bakinsa ba. Wasu suka daina gaishe ta. Aka sa mata suna Mai-Tef, in ta doso layi sai a riƙa janye tebur ana dariya, in ta wuce a mayar. Mataimakinta ya ba da shawara a dakata sai bayan damina, da ta ƙi sai ya daina zuwa taro. Maigidanta ma, da ya ga ta rame, ya tambaye ta ko ba za ta sauka ta huta ba, tunda ba ita ta tsuke layin ba. Ta ce masa ta ga fuskar matar da shagonta ya ƙone tana kallon mota cike da ruwa, kuma ba ta son sake ganin irinta.

A ƙarshe saura rumfar Kawu kaɗai, daidai inda layin ya fi ƙunci. Sau uku tana zuwa, yana ba ta kujera, ya tambayi yara, ya shiga labarin ciwon gwiwarsa har lokaci ya ƙure. 'Yan kwamiti suka ce a sa ma'aikata su kwance kawai. Ta hana. Zuwa na huɗu ba ta zauna ba.

"Kawu, ranar Laraba motar za ta zo gwaji. Ba zan sa kowa ya taɓa maka ko ƙusa ɗaya ba."

"To in ta zo ta tarar da ni fa?"

"Sai ta tsaya a nan, in faɗa wa mutane na kasa."

Ya ce taurin kan nan na uwarta ne, ya juya wajen wata mai tayin kwano.

Ranar Laraba da hantsi motar ta shigo, ja jawur, tana tafiya kamar ba ta so. Shugabar tana gabanta tana tafiya da baya, tana yi wa direba nuni da hannu. Jama'a sun yi layi a bakin shaguna. Suka wuce masu takalma, suka wuce masu yadi. Da ta waiwaya sai ta ga rumfar Kawu tana nan yadda take, shi kuma yana zaune a ƙarƙashi yana goge murfin tukunya. Direba ya taka birki.

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe, ya yafito maƙwabtansa huɗu, ya ce su zo su kama masa. Suna sa hannu rumfar ta ɗago gaba ɗaya kamar faifai. Ashe tun jiya ya zare ƙusoshin, ya ɗora kwanon rufin kawai a kan ginshiƙai. Ya ce so yake ya ga ko motar za ta zo da gaske, don an sha yi musu alkawarin banza. Aka jingine rumfar a bango, aka tattare bokitai, direba ya naɗe madubinsa na hagu ya shige, tsakaninsa da bango bai fi tafin hannu ba.

Sai da motar ta ɓulla ta ɗaya ƙofar sannan aka ɓarke da tafi. Ita dai ba ta tafa ba. Ta kife wani bokiti na Kawu ta zauna, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye da dariya suka zo mata tare. Kawu ya miƙo mata ruwa a kofi, yana faɗa wai kada ta lotsa masa bokitin sayarwa.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya ƙaraso yana murmushi, ya yi mata barka, sannan ya ce akwai kuma layin baya, na masu kayan lantarki, shi ma in da hali a duba.

Ta ɗaga masa hannu, kofin yana bakinta. Ta shanye tas, ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce ya bari sai ranar Litinin.