Lasin Akun Mijinyawa

Kwana bakwai malamin daji ya ba Alhaji Mijinyawa: ko ya kawo takardar izinin riƙe aku, ko a zo a ɗauke tsuntsun. Yau saura biyu.

Tun safe ya kasa zama. Ya je rumfarsa ta albasa a kasuwar Relief, ya dawo gida unguwar Fegge, a nan ƙasar Ibo, ba dalili, ya tsaya gaban kejin, ya sake ɗaukar hula. Akun na mahaifiyarsa ne, marigayiya Sakinatu, shi ne kaɗai abin da ya rage na tsohon gidan.

A ofis an yi masa bayani dalla-dalla. Masu tarko sun addabi dazuzzuka, saboda haka ba a ba da lasin sai da shaidar cewa tsuntsun ya daɗe a hannu. An kuma bar layi a takardar don sa hannun wanda ya riƙe shi lokacin yaƙin basasa.

"Alhaji, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji matarsa Barira. "Ka san mai wannan layin. Gida uku ne tsakaninku."

"Liman ma zai iya sa hannu."

"Liman yana Kano a lokacin, sahunku ɗaya a masallaci. Ƙarya za ka sa shi?"

Mijinyawa ya juya ya kalli akun. Ranar da suka gudu Arewa, a ƙofar Mama Nkiru mai tuyar ƙosai ya ajiye kejin. Da ya dawo bayan shekara huɗu, ya tarar da akun da rai, amma Ibo kawai yake yi, sallamar da yake yi da muryar tsohuwa ta ɓace. Haushi ya sa ya ɗauki kejin ya fita ba ko godiya. Shekara shida ke nan yana sauya hanya don kada su haɗu.

Bayan la'asar ya tafi. Sau biyu yana wuce ƙofar Mama Nkiru kafin ya yi sallama.

"Maigida Alhaji," ta ce da Hausarta ta zaman maƙwabta, ba ta bar juya ƙosai ba. "Hanya ta ɓace maka ne?"

Ya miƙa takardar, ya yi bayani yana in-ina.

"To, gwamnati ce ta aiko ka gaishe ni." Ta goge hannu a zane. "Ka san inda tsuntsun nan ya je? Har ƙauyenmu, a kaina, cikin daji. 'Ya'yana suna kuka a yanka shi. Na ce amanar Mama Sakinatu ce."

Ya durƙusa a gefen murhu, babbar rigarsa tana shan toka. "Mama, na yi laifi. Na gode, ko da na makara."

Ta dube shi ta ce, "Tashi, kada mutane su ce na kashe Alhaji. Ba zan dangwala a nan ba, za su ce ka saye ni. Gobe mu je tare, in faɗa musu da bakina."

Washegari ta sha ɗaurin zanenta na coci, ta zauna gaban malamin daji ta lissafa masa garuruwan da ta bi da kejin. Bai bari ta kai ƙarshe ba ya jawo hatimi ya buga.