Ranar da Tumatir Ya Faɗi a Kwanar Gafan

A gidan su Badamasi, can Kadawa, kasuwar tumatir ce ke riƙe da igiyar aure. In kwando ya yi daraja, mahaifinsa Ɗanladi zai shigo da tsire yana tsokanar kowa. In ya faɗi kuwa, ko buta sai ta sha shuri. Sau biyu ya saki mahaifiyarsu, duk a kakar tumatir, aka watsa yara gidajen dangi. Badamasi ya ci tuwon gori a Dawakin Kudu har ya gaji. Tun yana ƙarami ya iya sauraron sallamar ubansa daga zaure, ya san wadda ake tarba da wadda ake gudu.

Yanzu ga shi da tasa gonar a bakin kanal, da matarsa Sa'adiya, da 'yarsu Yusra mai surutu kamar rediyo. Bai taɓa ɗaga musu hannu ba, amma kullum yana tsoron halin uban na kwance a jikinsa, don mutane na cewa har tafiyarsu ɗaya.

Bana tumatir ya yi ambaliya a kasuwar Kwanar Gafan. Motocin kudu ba su zo ba, dillalai suka yi tayin wulaƙanci. Badamasi ya sake loda kayansa a akori-kura ya dawo gida da azahar, ransa a dagule.

Da ya yi sallama, muryar Ɗanladi ya ji ta fito daga bakinsa. Yusra da ta taho da gudu ta yi turus a tsakar gida, ta soma ja da baya. Ya san wannan ja da bayan. Kunya ta kama shi, da tausayinta.

Ya koma waje ya tsaya har numfashinsa ya daidaita, ya sake sallama. Sannan ya ce wa Sa'adiya ta kawo wuƙaƙe da buhunan shanya, kauɗa za a yi, a busar da tumatirin. Suna yankawa Yusra na jerawa a rana, Sa'adiya na masa tsiya wai yankansa sai ya shekara bai bushe ba. Asara dai an yi ta, babu mai musu.

Wajen la'asar Yusra ta jingino da bayansa, hannu duk ruwan tumatir.

"Baba, Allah ya sa gobe ma su ƙi saya."

Sa'adiya ta buɗe baki za ta kwaɓe ta. Badamasi ya girgiza mata kai, ya janyo wani kwandon.