Buhun Gyaɗar Gwaggo Nangondo

Ina tsugune a bayan kicin ina dirje gindin tukunya da toka, sai na ji wata murya a bakin ƙofa.

"Masu gidan nan sun tashi kuwa, ko har yanzu barcin birni ake yi?"

Gwaggo Nangondo ce, yayar mahaifin mijina, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Daga garin Mchinji ta taso zuwa Lilongwe, babban birnin ƙasarmu Malawi, ba waya ba saƙo. Na ɗauraye hannu a gurguje, na fito na durƙusa na gaishe ta. Amma idona yana kan buhun da ta sauke daga kanta. Tun kafin ta kwance bakinsa na gane abin da ke ciki.

"Gyaɗar gonata ce, ta bana," in ji ta tana dukan buhun. "Jikata na kawo wa. Yau da hannuna zan yi mata miyar ganyen kabewa da gyaɗa, ta san gidan da ubanta ya fito."

'Yata Talandira shekararta uku, kuma jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Bara ta lashi miya a gidan maƙwabta, kafin mu isa asibiti leɓenta ya kumbura, numfashinta yana fita kamar ana busa usur. Likita ya ce ko ɗanɗane kada ta sake yi. Tun daga ranar gyaɗa ba ta ƙara shiga kicin ɗina ba. Na jefa tsohuwar muciyata a wuta, don itace yana shan mai, kuma wanki ba ya fitar da shi. Sabuwar na ɗaura mata jan zare saboda kada ta gauraya da na matan tsakar gida. Mijina Dalitso ya yi alkawarin shi zai gaya wa danginsa.

Na ja shi kicin.

"Baban Tala, ka gaya mata kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ba maganar waya ba ce."

"To ga ta nan ba waya. Je ka."

"Haba, Maman Tala. Tsohuwar da ta ɗauko buhu tun daga Mchinji, ko ruwa ba ta sha ba in ce mata kayanta guba ne? Bari ta huta tukuna. Zan faɗa mata. Ke dai kada ki fara, ba daga bakin suruka ya kamata ta ji ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Matar ɗa ba ta mayar da tsarabar babba. Amma ƙafata ta kasa tsayawa wuri ɗaya.

Tala ta fito daga ɗaki tana murza ido, Gwaggo ta buɗe mata hannu. Hannun da yanzun nan ya fito daga buhun gyaɗa. Na yi wuf na shiga tsakaninsu da kwano da buta da sabulu, na durƙusa.

"Gwaggo, ƙurar hanya."

"A'a, ladabin birni har da sabulu?" Ta yi dariya ta miƙo hannun. Na zuba, na ƙara zubawa, har sai da ta ce, "Ke, fatar za ki cire min?"

Na koma kicin na duba abin da ya kwana. Malmalar tuwon masara biyu, da sauran wake a ƙaramar tukunya. Waken lafiya lau yake, don kullum sai na tafasa shi sosai kafin in ajiye, kuma ba na yarda cokalin da ya shiga baki ya koma ciki. Tuwon ma da tsumma mai tsabta na rufe shi, ba da murfi ba, don murfi yana sa shi gumi ya yi tsami. Da mu kaɗai ne, da na yanka shi na soya da albasa, mun karya. Amma ba a ajiye wa baƙo kwanannen tuwo, balle uwar miji. Labarin zai riga ta isa Mchinji. Na ɗumama waken da tumatir ɗaya, na juye a kwano, na haɗa da tuwon na kai cikin ɗaki na ɗora bisa kabad, inda ba za ta gani ba.

Ina fitowa na tarar da ita a kicin ta ɗaure zani a ƙugu.

"Ina turminki?"

"Ba ni da shi, Gwaggo."

"Mace ba turmi! Da me kike riƙe da ɗana?" Ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa maƙwabciyata Esnati kira kamar ta san ta shekara goma. Esnati ta kawo turmin tana kallona da ido waje, don a gidanta abin ya faru bara. Na girgiza mata kai.

Na nemi Dalitso. Ya tafi sayo lemo.

Gwaggo ta fara daka. Ƙamshin ya cika kicin, garin yana tashi yana sauka a kan komai. Tala ta rugo za ta ga abin da ake yi, na sure ta na goya na tamke zani.

"Goɗai-goɗai da ita kike goyo? Sauke ta, ta ɗanɗani ko tsinke ɗaya."

"Ba ta wanke baki ba, Gwaggo."

Na fita da ita waje. Na dawo na hura gawayi. Na sake fita na leƙa hanya ko zan hango mai sayen lemo. Na dawo na tsinke ganye. Bayana ya jiƙe da gumi, yarinyar tana ta zillo. Sau ɗaya na daure na buɗe baki.

"Gwaggo, akwai wata magana game da Tala..."

"Magana sai ciki ya cika. Miƙo min kanwa."

Ina juyawa in ɗauko kanwar, ta zari muciyata mai jan zare daga jikin bango ta tsoma a cikin miyar gyaɗa. Na tsaya da kanwa a hannu ina kallo. Ita kaɗai ce muciyar da nake da ita. Da ruwan tuwo ya tafasa, Gwaggo ta ɗauraye ta sama-sama ta miƙo min.

"Tuƙa mu gani ko an koya miki a gidanku."

Na tuƙa. Tuwo ya yi kyau, ba gudaji, har ta gyaɗa kai. Ni kuwa na san yanzu ba miyar kaɗai ba, tuwon ma ya haramta ga 'yata.

Sai da aka shimfiɗa tabarma Dalitso ya dawo da kwalabe a leda. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Lemon a Mchinji ka sayo shi?"

"Layi ne a shagon. Yanzu zan faɗa mata, bari dai a yi addu'a."

Na sake zagayawa da buta da kwano. Gwaggo ta yi addu'a mai tsawo, ta sa wa gona albarka, ta sa wa motar da ta kawo ta. Tana cewa amin ta miƙo hannu.

"Kawo min ita nan. Yau a cinyata za ta ci."

Na kalli Dalitso. Ya yi gyaran murya. "Gwaggo, ashe... ashe bana an yi ruwa sosai a wajenku?"

Ta riga ta janye Tala daga jikina. Ta gutsuri tuwo, ta mulmula, ta yi masa rami da babban yatsa, ta kwaso miya. Tala ta buɗe baki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai wuyan hannun tsohuwar a cikin nawa, na riƙe gam, lomar tana ɗiga a kan zaninta.

Har Esnati da ke shanya a tsakar gida ta daina motsi.

"Tiyamike," in ji Gwaggo a hankali. Ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba. "Hannuna kika riƙe?"

"Eh, Gwaggo. Ki yafe min. Idan ta haɗiyi wannan, asibiti za mu, kuma ban san ko za mu isa ba."

Na faɗa mata komai, leɓen, numfashin, maganar likita. Ban saki hannun ba sai da na janye Tala da ɗaya hannuna.

"A zuriyarmu ba a taɓa yin wanda gyaɗa ta ƙi ba," ta ce. "Da ita na yaye wancan mijin naki."

"Na gani da idona, Mama," Esnati ta ce daga bakin igiyar shanya. "A ɗakina ta faɗi."

Gwaggo ta ajiye lomar a gefen faranti. Ta juya ga Dalitso, wanda ya ƙura wa kwalbar lemo ido.

"Kai ka sani?"

"Dama yau nake shirin..."

"Tun bara kake shiri? Ka bar ni ina daka a kan yarinya, kai kana yawon lemo? Gemu dai ya fito, amma har yanzu bayan rumbu kake ɓuya."

Tala ta fara kukan yunwa. Ba ni da zaɓi. Na shiga ɗaki na sauko da kwanannen tuwo da wake, na ajiye su a gaban baƙuwa, a kan tabarmar da aka shimfiɗa don girmama ta. Kunya kamar ta kashe ni.

Gwaggo ta ɗaga tsumman, ta shinshina, ta danna tuwon da bayan cokali.

"Na jiya ne?"

"Na jiya ne."

"Bai yi tsami ba." Ta miƙo hannuwanta biyu. "Kawo sabulun naki."

Ta wanke har gwiwar hannu, ta ce in ƙara ruwa. Sannan ta ɗauki Tala ta ciyar da ita tuwon jiya da wake, loma bayan loma. Ni ban iya cin komai ba. Idona yana kan leɓen yarinyar.

Ba ta kwana ba, ko da yake da kayan kwana ta zo. Da la'asar ta sa Dalitso ya ɗauki buhun a ka, ta ce shi zai kai shi har tasha, kowa ya gan shi. Na durƙusa a bakin ƙofa na sake ba ta haƙuri.

"Gobe ki yi amfani da bakinki," ta ce ba tare da ta kalle ni ba. "Kin ji min ciwo."

Sai ta wuce ni ta shiga kicin, ta fito da muciyar mai jan zare ta cusa a jakarta.

"Wannan ta sha gyaɗa. Kada in ji kin wanke ta kin mayar."

Bayan sun tafi na fitar da komai waje. Na tafasa ruwa, na wanke tukwane da toka da sabulu, na goge bango da ƙasa da murfin kowane gwangwani, na mayar wa Esnati turminta. Tala tana barci a kan tabarma a inuwa. Ina wanki ina tashi in je in kara kunne a bakinta, in dawo, in sake tashi.